Babi na Shida: Fizgar Gaɓoɓi da Ƙwayar Tazarar Haihuwa

A cikin jerin illolin da ake bugawa da ƙananan haruffa a takardar da ke cikin kwalin ƙwayar tazarar haihuwa, akwai guda ɗaya da ba kasafai ma'aikacin lafiya ke ambata ba, domin yana iya shafe shekaru yana raba ƙwayar bai gamu da ita ko sau ɗaya ba, wato motsin da gaɓoɓi ke yi ba da nufin mai su ba, wanda likitoci ke kira koreya. Wannan motsi ya bambanta da karkarwa, wadda ke kai da komowa a wuri guda bisa tsari, kamar yadda hannun tsoho ko na mai zazzaɓi ke yi, ya kuma bambanta da farfaɗiya, wadda sau da yawa takan gusar da hankali ta kayar da mutum ƙasa. Mai koreya tana cikin hankalinta sarai, tana ji tana gani, sai dai fizgar ba ta da ƙa'ida, takan taso daga yatsu ta koma kafaɗa, daga can ta faɗa fuska ko ƙafa, kuma babu mai iya cewa ga inda za ta ɓullo nan gaba.

Da farko abin kan zo a ɓoye, har mutanen gida su ɗauka rashin natsuwa ne kawai. Matar da ta saba ɗaukar kofin shayi cike ba ya ɗiga sai ta fara zubarwa, ludayi ya riƙa suɓuce mata a bakin tukunya, rubutunta ya lalace, allura ta ƙi shiga zare. Da yawa cikin masu fama da shi sukan koyi rufe fizgar ba tare da sun ankara ba, ta yadda idan hannu ya yi sama da kansa sai su ƙarasa motsin kamar masu gyara ɗankwali ko sosa kunne. Likita yakan gane lamarin da gwaje-gwaje masu sauƙi waɗanda ba sa bukatar na'ura. Idan ya ba ta yatsunsa biyu ya ce ta damƙe, sai ya ji riƙon yana matsewa yana sakewa irin na mai tatsar nonon saniya, idan kuma ya ce ta fito da harshe ta bar shi a waje, harshen ba ya tsayawa, sai ya koma ciki da kansa. Motsin yana ƙaruwa lokacin fargaba ko idan idanun mutane suna kanta, yana ɓacewa ɗungurungum idan barci ya ɗauke ta. A cikin matan da ƙwaya ta tayar musu da shi, an sha ganin fizgar ta tsaya a gefe ɗaya na jiki, kuma takan zo tare da saurin kuka, saurin fushi da nauyin magana.

Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ƙwayar farko, mai suna Enovid, a matsayin maganin hana ɗaukar ciki a shekarar 1960, bayan aikin da Gregory Pincus da John Rock suka jagoranta. Ƙwayar haɗi ce ta kwaikwayon homon biyu, wato sinadaran da jiki ke sarrafawa ya aika cikin jini don su ba gaɓoɓi umarni: estirojin da furojestin, waɗanda idan aka sha su kullum suke hana ƙwai fitowa. Kowace ƙwaya ta Enovid tana ɗauke da maikirogiram 150 na nau'in estirojin, adadin da ya ninka sau da yawa abin da ke cikin ƙwayoyin yau, waɗanda galibinsu ke tsakanin maikirogiram 20 zuwa 35. Shekara shida da fitowarta, a 1966, wani likita mai suna Fernando ya buga rahoton farko na matar da ta kamu da koreya tana shan ƙwayar, sannan a 1969 Lewis da Harrison suka kawo ƙarin misalai a mujallar ƙungiyar likitocin Birtaniya. A wannan shekarar ce kuma hukumomin Birtaniya suka ba da shawarar kada estirojin ya wuce maikirogiram 50, ko da yake abin da ya tayar musu da hankali a lokacin shi ne gudajin jini a jijiyoyi, ba fizgar gaɓoɓi ba. Aikin da aka fi komawa gare shi shi ne wanda Paul Nausieda da Harold Klawans da abokan aikinsu suka fitar daga Shikago a 1979, inda suka bayyana mata biyar na asibitinsu suka kuma haɗa su da rahotannin da suka gabata. Daga nan siffar lamarin ta fito fili: mata ne matasa, fizgar takan fara cikin makonni ko watannin farko na shan ƙwayar, takan kuma lafa cikin makonni bayan an daina.

Wurin da abin ke faruwa yana can cikin tsakiyar ƙwaƙwalwa, inda wasu curin ƙwayoyin jijiya suke zaune kusa da gindinta, aikinsu kuwa shi ne tace motsi, su bar wanda mutum ya yi niyya ya wuce, su danne sauran da tsokoki za su yi a banza. Ɗaya daga cikin manyan sinadaran da waɗannan curin ke aiki da su shi ne dofamin, mai isar da saƙo daga wata ƙwayar jijiya zuwa wata. Idan dofamin ya yi ƙaranci motsi yakan daskare, jiki ya yi tauri, kamar yadda ake gani a cutar Parkinson, idan kuwa tasirinsa ya yi yawa sai tacewar ta yi rauni, motsin da ya kamata a danne ya riƙa kuɓucewa. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne cewa estirojin yana ƙara wa masu karɓar saƙon dofamin kaifi a wannan sashe, kuma abin da ke ƙarfafa shi shi ne cewa magungunan da ke toshe dofamin suna kwantar da fizgar, sannan an ga irin wannan motsi ya taso wa matan da aka ba estirojin bayan ɗaukewar al'ada, ba don tazarar haihuwa ba.

Sai dai wannan bayani shi kaɗai bai isa ba, domin miliyoyin mata suna shan estirojin kullum, ƙwaƙwalwarsu kuma tana karɓarsa lami lafiya. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce me ya ware waɗannan 'yan kaɗan, kuma amsar da rahotanni suka yi ta nanatawa ita ce da yawansu suna da wani tsohon tabo a wannan sashe na ƙwaƙwalwa tun kafin su taɓa ƙwayar. Tabon da aka fi sani ya samo asali ne daga ciwon maƙogwaro na yarinta. Ƙwayar cuta mai suna sitireptokokas, ta rukunin A, takan kama maƙogwaron yaro, kuma idan ba a yi maganinta da fenisilin ba, a wasu yaran makaman da garkuwar jiki ta ƙera don yaƙar ta sukan yi kuskure su afka wa naman jikin da ya yi kama da ita: gaɓoɓi, marafan zuciya, da waɗannan curin jijiya na ƙwaƙwalwa. Wannan shi ne zazzaɓin rumatik, fizgar da yake jawowa kuwa ana kiranta da sunan Thomas Sydenham, likitan Ingila da ya siffanta ta a 1686. Ta fi kama yara masu shekara 5 zuwa 15, 'yan mata fiye da maza, kuma takan bayyana watanni bayan maƙogwaron ya warke, lokacin da kowa ya manta da shi. Galibi takan lafa da kanta, yarinya ta girma ta yi aure ba alamar komai, amma sashen da aka taɓa bai koma daidai yadda yake ba, sai ranar da estirojin ya ƙaru a jini abin ya dawo. A 2004 an buga rahoton wata mata da ƙwaya ta tayar mata da koreya, aka kuma sami a jininta irin makaman garkuwar jiki masu afka wa wannan sashe, waɗanda ake gani a masu fizgar Sydenham.

Hujja mafi ƙarfi a kan wannan dangantaka ta girmi ƙwayar kanta, domin ciki ma yana cika jini da estirojin, kuma likitoci sun daɗe da sanin koreya ta masu juna biyu. A 1932 Willson da Preece sun tattara labarin ciki 951 da aka sami wannan matsala, suka gano cewa kusan kashi 70 cikin 100 na matan sun taɓa yin zazzaɓin rumatik ko fizga tun suna yara. Shekara tamanin bayan haka, a 2012, likitocin birnin Belo Horizonte na ƙasar Burazil, inda har yanzu ake ganin wannan zazzaɓi, sun bi diddigin mata 66 masu tarihin fizgar Sydenham, 20 daga cikinsu suka ɗauki ciki, 15 kuma fizgar ta dawo musu. Ya kamata a tsaya a kan wannan adadi, domin yana sauya yadda ake kallon lamarin baki ɗaya: matar da ƙwaya za ta iya tayar wa da fizga, ita ce dai wadda ciki zai iya tayar mata da ita, saboda haka raba ta da ƙwayar ba tare da ba ta wata hanyar tazara ba bai fitar da ita daga haɗari ba.

Tabo na biyu ba na yarinta ba ne, yana tare da matar a lokacin. Cutar lufus, wadda garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi fata da gaɓoɓi da ƙoda, da kuma 'yar uwarta da ake kira antifosfolifid, wadda Graham Hughes ya bayyana a Landan a 1983, mai sa jini yin gudaji da yawan ɓarin ciki, dukkansu suna iya fara nuna kansu ta hanyar koreya. A wani nazari da Ricard Cervera da abokan aikinsa suka buga a 1997 a kan marasa lafiya 50 masu antifosfolifid da fizga, 48 mata ne, kuma 6 daga cikinsu fizgar ta fara musu ne jim kaɗan bayan sun soma shan ƙwaya mai estirojin. A irin wannan hali fizgar gargaɗi ce babba, domin haɗuwar estirojin da jinin da ke saurin daskarewa na iya kaiwa ga shanyewar ɓarin jiki, shi ya sa ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya suka sanya ƙwayar haɗi a sahun abin da ba a ba mai lufus da ke ɗauke da makaman antifosfolifid ko kaɗan, haka nan mai ciwon marafan zuciya da ya tsananta, da mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da walƙiyar ido.

Kusan duk rahotannin farko daga Turai da Amurka suka fito, a daidai lokacin da zazzaɓin rumatik ke ƙaura daga waɗannan ƙasashe saboda fenisilin da wadatar muhalli, kuma a can estirojin da ke cikin ƙwaya ya ragu, saboda haka matsalar ta zama abin da ɗalibin likita ke karantawa a layi ɗaya ya wuce. Amma zazzaɓin bai bar duniya ba. Ƙiyasin shekarar 2015 ya nuna mutum miliyan 33 da ɗoriya ne ke rayuwa da ciwon zuciyar da yake bari, mafi yawansu a Afirka kudu da Sahara da kudancin Asiya da tsibiran Fasifik, abin da ya sa Babban Taron Lafiya na Duniya ya zartar da ƙuduri a kansa a 2018. A ƙasar Hausa, inda yara da yawa ke kwana ɗaki ɗaya, ciwon maƙogwaro kuma sau da yawa yake ƙarewa a wurin wanzami da cire beli, ko a kemis da maganin kwana biyu maimakon cikakken fenisilin na kwana goma, babu dalilin ɗauka cewa 'yan mata masu wannan tsohon tabo ba su da yawa. Abin da ke rage girman lamarin shi ne cewa ƙwaya ba ita ce hanyar da aka fi bi ba. Binciken lafiyar al'umma na Nijeriya na 2018 ya nuna kashi 12 cikin 100 na matan aure ne ke amfani da hanyoyin zamani, allura da ashanar da ake sawa a dantse kowace tana da kusan kashi 3, ƙwaya kuwa kashi 1 da 'yan kai. Allurar wata uku da ashana furojestin ne zalla, babu estirojin a cikinsu, kuma galibin rahotannin koreya a kan hanyoyin da ke ɗauke da estirojin ne. Sai dai ƙwaya ita ce wadda aka fi samu cikin sauƙi a kanti, a miƙa kuɗi a karɓa ba tambaya, wani lokacin ma aike ake yi.

Akwai kuma abin da ke biyo bayan bayyanar fizgar. Amaryar da hannunta ya fara motsi da kansa, fuskarta na yatsinewa, tana kuka ba dalili, ga shi motsin yana tsananta idan aka taru a kanta, da wuya a fara kai ta wurin likitan jijiya, an fi saurin cewa iska ce ta taɓa ta ko sammu aka yi mata, a shiga ruƙiyya da hayaƙi. Neman sauƙi wurin Allah ba abin zargi ba ne, kuma babu abin da ya hana a haɗa shi da zuwa asibiti, illar ita ce watannin da ake ɓatawa tana ci gaba da haɗiyar ƙwayar kowane dare, musamman idan a ɓoye take sha, babu wanda ya san da ita balle ya yi tunanin alaƙa. Wannan jinkiri abin takaici ne ƙwarai, ganin cewa cikin cututtukan jijiya kaɗan ne ke da magani mai sauƙi kamar wannan.

Matakin farko shi ne dakatar da ƙwayar, amma likitan da ya tsaya nan bai gama aikinsa ba. Dole a fara tabbatar da ko akwai ciki, a saurari zuciya a kuma ɗauki hotonta idan da hali, domin marafan da rumatik ya lalata sukan yi shiru shekaru sai naƙuda ta tona su, kuma wadda aka samu da su za ta bukaci allurar fenisilin duk mako uku ko huɗu. Ana gwada jini don lufus da antifosfolifid, a duba sukari da aikin maƙoƙo, tunda hauhawar kowannensu na iya kawo irin wannan motsi, a kuma tambayi tarihin dangi saboda cutar Huntington, wadda ake gado kuma ba ta lafawa. Idan fizgar ta yi tsanani har ta hana ci ko tafiya, ana ba da magani na ɗan lokaci, kuma a nan ne tarko yake. Balfurowet, ɗaya daga cikin magungunan da aka saba bayarwa, yana cikin waɗanda suka fi nakasa ɗan tayi, matar kuwa yanzu aka raba ta da abin da ke hana ta ɗaukar ciki. Kabamazefin, wanda shi ma ake amfani da shi, yana zaburar da hanta ta narkar da homon da sauri, ta yadda ashana da ƙwayar furojestin za su rasa ƙarfi. Don haka zaɓen maganin fizga da zaɓen sabuwar hanyar tazara abu ɗaya ne da ake yanke shawararsa a zama guda, kuma robar mahaifa mai jan ƙarfe, wadda ba ta da homon ko kaɗan, ita ce hanyar da babu ɗaya daga cikin waɗannan matsaloli da ke shafar ta.

Ba kowane motsi ne da ya zo lokacin shan ƙwaya ya zama laifin ƙwayar ba. Tashin zuciya yana cikin abin da sababbin masu sha suka fi kuka da shi, kuma maganin amai irin su metokulofiramid, wanda ake sayarwa da sunan Maxolon ko Plasil, yana toshe dofamin, yakan sa wuya ya murɗe, idanu su kafe sama, harshe ya fito, cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki da shan sa, mata matasa kuma su ne suka fi kamuwa. Wannan murɗewa ce mai tsayawa wuri ɗaya, ba fizga mai yawo ba, allura ɗaya takan warware ta. Haka nan mai farfaɗiya da ke shan lamotirijin, idan ta fara ƙwayar haɗi adadin maganin a jininta kan ragu da kusan rabi, farfaɗiyar ta dawo.

Masu aikin tazarar haihuwa a Arewa suna da dalilin tsoron duk wata magana da za ta zama jita-jita, domin ba a manta da yadda aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003 bisa zargin yana hana haihuwa ba, kuma a ƙasar da binciken 2018 ya ƙiyasta mace 512 na mutuwa a cikin kowace haihuwa 100,000, tsorata mata daga tazara yana da nasa gawarwakin. Amma ɓoye illar da ba ta da yawa shi ke ba jita-jita abinci ranar da aka ga misali guda a unguwa. Abin da ake bukata daga nas ko ungozoma bai wuce minti ɗaya ba kafin ta miƙa fakitin: “Hajiya, kina yarinya kin taɓa yin zazzaɓi da kumburin gaɓoɓi, ko hannunki ya riƙa motsi da kansa? Da kina da ciki fa? An taɓa ce miki kina da ciwon zuciya, ko kin yi ɓari fiye da sau ɗaya?” Wadda ta amsa da i sai a karkata ta zuwa hanyar da ba estirojin, a kuma tura ta a duba zuciyarta. Idan kuwa fizgar ta riga ta faru, akwai inda ake kai rahoto: Nijeriya ta shiga shirin Hukumar Lafiya ta Duniya na sa ido kan illolin magunguna a 2004, hukumar NAFDAC tana karɓar bayani ta wata takarda mai launin rawaya da kuma manhajar waya ta Med Safety, daga nan ya wuce cibiyar Uppsala da ke Suwidin. Abin da ya fi amfani a rubuta a takardar shi ne sunan ƙwayar da adadin estirojin da ke cikinta, ranar da aka fara sha, ranar da fizgar ta bayyana, ranar da ta lafa bayan an daina, da kuma ko matar ta taɓa yin zazzaɓin rumatik.